Turmin Da Aka Kife

Laraba, bayan la'asar

To, bismillahi. Kin shirya biron, Alisabatu? Ki rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini magana irin taku ta 'yan makaranta.

Ni ce Furera ta unguwar Turaki, wadda a da ake ce wa Furera mai fura. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Maƙwabciyata Alisabatu ce ke riƙe da biro, ita ta yi koyarwa har ta yi ritaya. Katanga ɗaya ta raba mu tun 'ya'yanmu na rarrafe.

Dalilin rubutun nan, in ya dawo ina so ya san abin da aka yi a gidansa da ba ya nan. Ni ba zan iya zama in ba shi labari ba. Ɗan fari ne. Mu a Katsina, inda aka ɗauko ni, mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ya dame ta. Na zo Jalingo na tarar Fulani sun fi mu ma. Ke kin san sunan. In kina so ki sa a takarda, ba dai da bakina ba.

Mahadi. Ni Alisabatu na rubuta wannan.

Ya fita da mota sayo sabuwar doya, yadda ya saba duk damina. Aka ga motar a gefen hanya, ƙofofi a buɗe, hularsa a kan kujera. Shi ke nan. Abin da ya wuce wannan maza ne suka sani. Njidda, abokinsa da suke kasuwanci tare, shi ke riƙe da maganar. Dada yake ce mini, uwa ke nan da Fillanci. Ya shigo, ya durƙusa, ya ce, "Dada, ana ƙoƙari," ya fita.

Ana ƙoƙari. Rufe, yau ya isa.

Alhamis, da hantsi

Ba nawa nake so in faɗa ba, na Ikilima ne, matarsa. 'Yar Zariya ce, ga goyo a hannu, Halimatussa'adiya, muna ce mata Sadiya, ko zama ba ta fara ba. Tun ranar da abin ya faru Ikilima take bakin gado da waya a tafin hannu. In wayar ta yi ƙara, ta zabura. In ba ta yi ba, ta duba ko caji ne ya ƙare. Jiya na leƙa na same ta ta dafe ƙirji tana jan numfashi kamar wadda ta hau dutsen Kona a guje. Ta ce, "Inna, zuciyata za ta fito." Daga inda nake tsaye ina ganin rigar na motsi, wallahi kamar an kama kurciya an cusa a ciki.

Mata na ta zuwa jaje. Duk wadda ta shigo: "Ki zauna, ki huta, ki yi ta addu'a." Ta ɗauki tsintsiya, an karɓe. Ta nufi murhu, an riga ta. Kwanon da ta ci abinci ma ba a bari ta wanke, ga shi ba wani cin take ba. Ƙauna ce, na sani. Ni ma da bakina na ce mata ta zauna.

Asabar, bayan azahar

Mun kai ta asibiti a keke. Suka auna nan, suka auna can, jini lafiya, zuciya lafiya. Nas ta ce damuwa ce, ta rage tunani. Ke Alisabatu kika ce, "Sista, tunani shi rediyo ne da za a rage masa murya?" Na ce ki yi shiru kada a kore mu.

Nono ya fara ja baya. Sadiya ta kama, ta saki, ta sa kuka.

Lahadi, da yamma

Ba labari.

Litinin, bayan la'asar

Siddiq, yayan Ikilima, ya bugo daga Zariya. Yaro mai ladabi, ya gaishe ni har da tambayar ƙafata. Sai ya ce babansu ya ji muryarta a waya, muryar ba ta yi masa ba. In ba ta samu sauƙi zuwa ƙarshen wata ba, shi Siddiq zai zo ya ɗauke ta da jaririyar, ta zauna gaban uwarta. Na ce, "To, Allah ya kai mu." Me zan ce? 'Yarsu ce.

Amma ki rubuta wannan. In ya dawo ya tarar da ɗakinsa da kwaɗo, ba mata, ba 'ya, sai tsohuwa a tsakar gida, da wane ido zan dube shi? Mutum ya fito daga inda ya fito, a ce masa ruwan wanka ma ba mai ɗora masa sai uwarsa. Kuma Sadiya goshinsa ta ɗauko, har da 'yar lotsawar nan ta tsakiya. In na ɗauke ta ina kallonta, sai in ga kamar...

A'a, bar wannan. Goge. Kin ƙi gogewa? To bar shi.

Laraba, da hantsi

Yau bayan na idar da sallar asuba ƙafata ta ƙi zama. Na zaga tsakar gida, na sake zagawa, sai na tsinci kaina zaune a kan turmina. Kin san shi, wanda aka kife a gindin mangwaro, ake zama a kai ana tsintar shinkafa. Ɗan farin ne ya kife shi da hannunsa ranar da ya sayi motarsa ta farko. Ba ni ya faɗa wa ba, Njidda ya faɗa wa, da ƙarfi don in ji: "Ga inji a bakin titi. Tsohuwa ba za ta ƙara ɗaga taɓarya ba ina raye."

Ina raye, ya ce. Haka ya ce.

Ina zaune a kan turmin sai Goggo ta faɗo mini a rai. Ƙanwar uban maigidana ce, Allah ya jiƙansu gaba ɗaya. Shekarar da ƙyanda ta ɗauke mini yarinyar da ke bin wancan, na zama kamar Ikilima. Ba ci, ba barci, in an yar da cokali sai gabana ya faɗi. Kowa na lallaɓa ni. Goggo ba ta lallaɓa kowa. Ta shigo ɗaki, ta yaye zanen da na rufa, ta ce, "Ke Bakatsiniya, tashi. Masu nono na hanya, gero ba zai daka kansa ba." Na ce a raina wannan mata ba ta da imani. Ta ba ni taɓarya, ta ɗauki ɗaya. Ina daka ina kuka, ko kallona ba ta yi ba. Da rana ta take sai na ji yunwa. Yunwa, Alisabatu! Na ji kunyar yunwar nan, 'yata na ƙasa ni ina son tuwo. Goggo ta turo mini akushi ta ce, "Ci. Abin da ke ƙirji ba ya fita ta baki, ta hannu da ƙafa yake fita. In kin shimfiɗa masa tabarma kuwa, kwana zai yi."

A hannunta na koyi fura. Da ita na ciyar da shi har ya zama mutum, ya kife mini turmi.

Alhamis, bayan azahar

Mun tayar da turmin, ni da ke, kunama ta fito kika yi tsalle kamar yarinya, har da kiran Yesu. Rubuta, ai gaskiya ce. Na wanke shi, na ɗauko taɓarya daga bayan ɗaki, gara ba ta ci ba. Na auno gero na yayyafa masa ruwa.

Na tsaya a bakin ƙofar Ikilima, don ban saba shiga ɗakinsu ba. Na ce, "Ikilima, hannuna ya tsufa, zo ki kama mini surfe."

Ta ce, "Inna, ai akwai inji."

"Furar inji ba fura ba ce."

"Wa zai sha fura yanzu, Inna?"

"Ni."

Ba ta iya musu da ni. Ta fito da waya a hannu. Na ce ta ajiye ta a kan taga, in ta yi ƙara mu ba kurame ba ne. 'Yar birni, ashe ba ta taɓa riƙe taɓarya ba. Ta ɗaga, ta sauke a bakin turmi, gero ya watse, kaji suka yi biki. Ke Alisabatu kika leƙo ta katanga kika ce, "Kai amarya, turmi ya yi maka laifi ne?" Ikilima ba ta yi dariya ba. Amma ta sake ɗagawa.

Ba a jima ba ta ce kafaɗarta. Na ce ta je ta huta. Ta koma ɗaki, ta ɗauki wayar.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Njidda ya zo. Ana ƙoƙari. Idonsa jawur. Na dama masa fura, ya kai baki, ya ce, "Dada, wannan ta hannu ce." Sai ya ajiye ludayin ya fita ba sallama. Tun suna yara a ƙwarya ɗaya suke sha.

Lahadi, da yamma

Yanzu taɓarya biyu muke yi a turmi ɗaya. Na ce mata in na sauke ki ɗaga, in na ɗaga ki sauke. In kin ɗaga ki ja numfashi, in kin sauke ki sake shi, har da ɗan nishi in kina so, ba mai jin ki sai kaji.

Kin san abin da ya sa Goggo ba ta bar ni na yi daka ni kaɗai ba? Sai yanzu da tsufana na gane. Mace ɗaya na iya daka hankalinta na Zariya. Amma in kun zama biyu, da tunaninki ya tafi yawo taɓaryarki za ta daki tawa, hannu ya yi tsami har kafaɗa. Dole ki saurare ni. Da farko muna ta karo, ƙwas, ƙwas, in ce, "Kin tafi," ta ce, "Na dawo, Inna." Daga baya sai muka daidaita. Dum, dum, dum, dum. Sadiya na bayanta, ta yi barci da bugun nan, kai ya langaɓe.

Muna cikin haka waya ta yi ƙara. Ta yar da taɓarya ta ruga. Ashe masu talla ne na kamfanin waya. Ta dawo tana jan numfashin nan. Na ɗauki taɓaryar na miƙa. Ta karɓa, ta daka, Alisabatu, ta daka kamar turmin ne ya tare motar. Ni na janye tawa na bar mata. Gumi har ƙasa. Can ta kifa goshi a kan taɓarya ta fashe da kuka, kuka na gaske mai sauti, ba irin na ɗaki ba da ake haɗiyewa.

Da yamma ta ci tuwo, ta kusa rabin malmala. Na yi kamar ban gani ba.

Talata, da hantsi

Gero nawa mata biyu za su sha? Mun cika gidan Njidda da fura, mun cika naki, har almajiran cocinku sun sha. Sai kika ce, "Mama, ka bar turmi ya huta. Gyaɗana na can hanyar Kona, ciyawa ya cinye. Ku zo mu taka."

Muka fita gari na wayewa. Da ƙafa. Masu keke na ta yi mana hon, ba mu kula ba. Rabon da in yi tafiya irin wannan tun ina ɗaukar ƙwaryar fura zuwa kasuwa. Ƙasa ta sha ruwa, ko'ina kore shar, hazon damina ya rufe kan duwatsu. Muka yi ta gamuwa da matan Mumuye da itace a ka, da doya a kwando, suna sauri suna hira da yarensu kamar ba kaya suka ɗauka ba. Ɗaya ta dubi Ikilima ta ce, "Amarya, buɗe ƙafa, ba kwai ka taka ba!"

Da farko duk motar da ta wuce sai Ikilima ta juya ta bi ta da ido. Ni ban juya ba. To, sau ɗaya na juya. Da muka bar kwalta muka shiga hanyar gona ba sauran mota, sai kukan tsuntsaye da numfashinmu. Ta sunkuya tana cire ciyawa, ba ta san gyaɗa daga ciyawa ba, ta tumɓuke miki gyaɗa kunya guda. Kika ce Allah ya isa, a ranar ne na ga haƙoranta.

Da muka dawo ta yi wanka, ta yi azahar, ta kwanta. Ina jin minsharinta daga tsakar gida. Wayar na gani a ƙasa, ta zame daga hannunta.

Laraba, bayan azahar

Gwiwata ta kumbura. Kada ki faɗa mata.

Juma'a, da hantsi

Shekaranjiya wata 'yar garinsu da ke aure a Yelwa ta zo dubiya. Ta tarar da Ikilima a kan turmi, ɗankwali ya zame, tafin hannu duk ya yi ruwa ya fashe. Ta gaishe ni sama-sama, ta ƙi shan furar da na ba ta. Ta ɗaga waya kamar tana duba wani abu, ban kawo komai a raina ba.

Yau kika dawo daga kasuwa kika faɗa mini abin da ake cewa. Wai Furera ta mayar da surukarta baiwa. Wai miji bai ko dawo ba na fara bautar da 'yar mutane, daka da safe, gona da hantsi, da goyo a baya. Wai ina yawo da matar da ya kamata ta killace kanta tana addu'a. Har wai na koma sana'ar fura ne a kan wuyanta.

Ni Furera. Ni da ko ruwa ban taɓa cewa ta miƙo mini ba kafin wannan.

Ki bar ni haka, ba ni da sauran magana yau.

Asabar, bayan la'asar

An ce an tsinci gawar wani a daji. Njidda ya tafi dubawa tun da safe. Ba wanda ya faɗa mana, yaran unguwa ne suka kawo maganar bakin ƙofa.

Ina kan tabarma da carbi, na kasa ja. Sai na ji dum, dum. Ikilima ce ita kaɗai ta je ta zuba busasshiyar masara a turmi. Na tashi da gwiwar nan na ɗauki tawa. Masarar ta zama tsaki, tsakin ya zama gari, ba mu daina ba.

Njidda ya dawo, ya tsaya daga zaure ya ce, "Dada, ba shi ba ne."

Na ce alhamdu lillahi. Sai na tuna shi ma ɗan wata ne.

Litinin, da yamma

Siddiq ya bugo. Yau bai tambayi ƙafata ba. Ya ce ba zai jira ƙarshen wata ba, jibi yana hanya. Ashe hoto 'yar garinsu ta ɗauka ran nan, ya isa Zariya, Alisabatu. Uwarta ta gani.

Kika ce, "Ka kife turmi, ka shafa masa lalle a hannu, ya zauna kamar amarya har yayansa ya tafi." Na yi ta juya maganar. In ya same ta zaune a bakin gado tana ɓari, zai ɗauke ta. In ya same ta a kan turmi, zai ɗauke ta. Kowace hanya Zariya ta nufa.

Duk da haka na ce mata jibi kada ta taɓa komai. Ta sa kaya masu kyau, ta zauna. Ta ce, "To, Inna."

Ɗazu na shiga ɗakinsu kai mata Sadiya. Rigarsa ta Juma'a na rataye a ƙusa. Ba a wanke ta ba. Na gane dalili, ban tambaya ba.

Laraba, bayan la'asar

Siddiq bai bari gari ya waye sosai ba, ashe motar kwana ya hau. Ikilima kuma ba ta ji maganata ba. Ta ce tun da ta idar da salla ƙirjin ya taso, ta zauna ya ƙi, ta kwanta ya ƙi, sai ta fito. Ina bayan gida na ji sallama, na fito na tarar da shi tsaye da jaka a hannu, ita da taɓarya a sama.

Ya ce, "Ikilima, ajiye wannan abin." Ta ajiye. Ya ce, "Buɗe hannunki." Ta buɗe. Tafin ya yi kanta, wani wurin bai gama warkewa ba. Ya daɗe yana kallo. Sai ya juyo wurina, bai durƙusa ba, ya ce, "Inna, mun ba ku ita hannunta kamar auduga. Wannan shi ne riƙon amana?"

Me zan ce wa sa'an ɗan cikina? In ba shi labarin Goggo?

Ita ce ta durƙusa. Ta ce, "Yaya, ka ji kukan Sadiya tun da ka shigo?"

"Ba Sadiya nake magana ba."

"Ba ta kuka don ta ƙoshi. Nono ya dawo, Yaya. Inna ba ta sa ni ba yau, hana ni ma ta yi. Ni na fito."

"Saboda an saba miki da wahala."

"Yaya, in ka kai ni gida na san abin da za a yi. Umma za ta shimfiɗa mini katifa, a sauke labule, a riƙa kawo mini abinci ana cewa sannu. Na san ɗakin nan. A cikinsa na kusa haukacewa."

Sai ya ce, "Umarnin Baba ne, ba nawa ba. Ki haɗa kaya, gobe da safe." Ya tafi ya sauka gidan Njidda. Furar da na dama masa tana nan, ƙuda na bi.

Laraba, bayan magariba

Tana haɗa kaya. Ta ba ni Sadiya in riƙe. Na riƙe.

Alhamis, bayan azahar

Zauna da kyau, Alisabatu, yau da tsawo. Ke kina coci wurin taron mata, ba ki gani ba.

Siddiq ya zo da keke har ƙofar gida. Ikilima ta fito da jaka, da goyo, ta ce, "Yaya, alfarma ɗaya. Mu tafi tasha da ƙafa." Ya ce tasha da nisa. Ta ce, "In na shiga keken nan ƙirjina zai taso kafin mu kai titi. Ka bar ni in taka." Ya dube ta, ya sallami mai keke. Ni ma na yafa mayafi. Ba wanda ya ce in zo, ba wanda ya ce in zauna.

Ta ɗora jakar a ka. Ya ce ta kawo, ta ce ya bari. Ta shige gaba. Alisabatu, da kin ga tafiyar! Shi ga takalmin birni mai tsini, ga taɓon jiya, tun ba mu yi nisa ba ya fara haki yana goge wuya da hankici. Ta waiwayo ta ce, "Yaya, buɗe ƙafa." Ya ce, "Ke, ni kike faɗa wa?" Amma bakinsa ya ɗan motsa.

Muka gamu da matan nan masu itace. Suka ce, "Matar direba! Yau ba gona? Ina ka za da jaka?" Ta ce Zariya. Babbarsu ta tsaya da kayanta a ka, ta kalli Siddiq sama da ƙasa, ta ce, "Kai ne za ka ɗauke shi? Ranar da ya fara zuwa kamar kaza da ruwa ya daka. Yanzu da ya zama mutum ka zo?" Ta ciro dafaffiyar masara daga ƙullin zane ta danƙa wa Ikilima. Ita kuwa ta kama ci, a titi, tana tafe, 'yar malamai daga Zariya. Ta cinye tas, har da tsotsar totuwa. Siddiq ya saki baki. Ya ce da ni, a hankali, "Inna, haka take ci?" Na ce, "In ta taka."

Haka muka isa tasha.

Motar Zariya na lodi. Ya ajiye jakarsa, ya ciro waya, ya koma can bayan masu shayi. Ya daɗe. Ina ganin hannunsa na sama na ƙasa, can ya durƙusa da wayar a kunne, na san da babansu yake. Ya dawo ya miƙa wa Ikilima. Ta ce, "Na'am, Baba. Lafiya lau, Baba. Na ci, Baba, yanzu ma na ci." Ta yi dariya kaɗan. Ban san me ya ce mata ba.

Siddiq ya karɓi wayar. Ya ɗauki jakarsa, tasa kaɗai. Ya ce, "Baba ya ce duk Juma'a ki kira ya ji muryarki. In ta koma yadda take a da, ba shawara." Sai ya durƙusa a gabana, a cikin taɓon tasha, ya ce, "Inna, a yafe mini. Amma don Allah a riƙa shafa mata man kaɗanya a hannun nan." Na ce za a shafa. Motar ta cika, ta tashi, muka ɗaga masa hannu.

To, a nan ne.

Da na juya, sai ga wata mota ta shigo da doya, launinta irin na tasa. Direban ya buɗe ƙofa ya diro, ya ba ni baya, yana gyara hula da hannun hagu. Na san ba shi ba ne. Wannan ya fi shi gajarta, na sani sarai. Amma na tsaya cak a wurin. Abin nan da na yi makonni ina kora daga ƙirjin 'yar mutane, ashe a nawa ya samu masauki. Na kasa gaba, na kasa baya, 'yan dako na cewa, "Mama, hanya, hanya."

Sai na ji hannu a wuyan hannuna. Hannu mai kaushi, na Ikilima. Tun da aka kawo ta gidan nan fatarta ba ta taɓa tawa ba, kunya. Ba ta ce in yi haƙuri ba. Ba ta kai ni benci ba, ga benci nan a gefe ba kowa a kai. Ta gyara jakar a ka, ta ja ni, kamar yadda ake jan makaho a ƙetare titi.

Sai da muka zo kwanar unguwarmu na lura kuka nake yi, a bainar jama'a, ni Furera, a kan ɗan fari. Kuma ƙafata na tafiya.